Masu Cin Wasa Tun Ba A Busa Usur Ba

A wurin alƙalin wasa, ƙwallo minti 90 ce. A Mashi kuwa mako guda ce cur, wani sa'in har da gyara. Ranar da aka ji cewa Katsina United za ta karɓi baƙuncin Kano Pillars a filin wasa na Muhammadu Dikko, ko 'yan makarantar sakandaren gari za su gwada ƙwanji da takwarorinsu na Mani ko na Dutsi, daga ranar aka take wasa. Tun daga tasha, bakin titin da ya taso daga Katsina ya nufi Daura, har rumfar mai faci da bencin mai aski, babu inda ba za ka tarar da wanda ya riga ya san yadda za a tashi ba. Abin da ya rage wa 'yan wasa shi ne su je fili su tabbatar da hukuncin da aka yanke.

A Amurka wannan sana'a ce guda. Ƙwallon jami'o'insu, irin wadda ake rungumewa a ƙirji a ruga da gudu, tana tara jama'ar da ta wuce misali: filin Jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum sama da 100,000, kuma gidajen talbijin albashi suke biyan wasu ƙarti su sa kwat su zauna su faɗi wanda zai yi nasara. Mu a nan fisabilillahi ake yi. Ba a neman takardar shaida, ba a biyan haraji, ba a ƙwace lasisin kowa don ya faɗi ba daidai ba. Ga wasu daga cikin ma'aikatan wannan fanni, domin in kun haɗu ka san irin gaisuwar da za ka yi masu.

Na-Rantse

Shi ne shugaban ƙungiya. Ba ya cewa "ina ganin", ba ya cewa "wataƙila", waɗannan a wurinsa maganganun ragwaye ne. Tun ranar Litinin ya gama lissafi: 3-0. Zai faɗa maka wanda zai ci ta farko, da mintin da za a ci ta, da ƙafar da za a buga ta da ita. In ka nuna alamar shakka, sai ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya jawo benci kusa da kai.

"Malam, dube ni da kyau. In ba a zura masu uku ba, ka zo da aska ka kwashe gemun nan. Na yafe duniya da lahira."

Gemun yana nan har gobe, ya ma ƙara tsawo. Tun Katsina United tana amsa sunan Spotlight ake yi masa alƙawarin aska. Ban da gemu, ya sha bayar da babur ɗinsa kyauta da baki, ya sha rantsuwar barin kallon ƙwallo har abada, irin har abadan nan da ba ta wuce Asabar mai zuwa. Sai dai a yi masa adalci: ba da gangan yake zuƙi ba. Lokacin da yake faɗa, har cikin ransa ya yarda. In an tashi 1-0 a kansa, za a kwana biyu ba a gan shi a majalisa ba, in ka tambaya a ce maka ya tafi Majigiri ta'aziyya. Ranar da ya dawo, da sabon lissafi yake dawowa: 4-0.

Baba Tarihi

Dattijo ne, rediyo a gefe, goro a kunci. Bai san sunan ko mutum ɗaya cikin waɗanda za su buga gobe ba, kuma bai ga dalilin da zai sa ya sani ba. A ganinsa an gama buga ƙwallo tun tuni, abin da ake yi yanzu maimaici ne. Ka ce, "Baba, ya kake ganin wasan gobe?" sai ya gyara zama ya ɗauke ka zuwa Saudiyya, shekarar 1989, ranar da Tarayyar Sobiyet ta zura wa matasan Nijeriya 4 a Dammam, yaran suka farke su ɗaya bayan ɗaya, suka kuma yi nasara a bugun fenariti. Kafin ka numfasa ya tsallaka Atlanta, 1996: Brazil na gaba da 3-1, Ikpeba ya rage, Kanu ya farke ana dab da tashi, ya ƙara ta zinare, aka tashi 4-3.

In maganar Pillars ce, ita ma da babinta. Zai ba ka labarin yadda ta fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka a 2009, da yadda ta ɗauki kofin Firimiyar Nijeriya sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, da yadda ta shekara 12 ba a doke ta a gida ba, sai da Nasarawa United ta je ta karya lagon a 2015. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma nan wahalar take, don ba ka da inda za ka kama shi. Sai rana ta yi sanyi, an kira la'asar, ka sake gwadawa: "To Baba, gobe fa?" Sai ya dube ka da tausayi ya ce, "Yaro, ai na ba ka amsa." Duk yadda aka tashi, akwai wani wasa a rumbunsa da ya yi kama da shi. Shi ya sa Baba bai taɓa faɗuwa ba.

Farfesan Waya

Saurayi ne, ya yi zango biyu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, hutu ya dawo da shi gida. Makaminsa waya ce mai tsagaggen gilashi, wadda batirinta kullum yake kan ja. Ba ya magana sai ya shafa ta da babban yatsa. Ya san sau nawa ƙungiyoyin biyu suka haɗu, wa ya fi riƙe ƙwallo, wa ya fi samun kwana, wa ke jinyar agara. Zai kwashe kwalaben lemo da murafen biro ya jera su a kan benci, ya nuna maka dalilin da ya sa tsarin 4-3-3 zai murƙushe 4-4-2. Shi kansa rabonsa da taɓa ƙwallo tun yana aji huɗu a firamare, ranar da aka sa shi gola don babu wanda ya yarda ya tsaya.

"Yaya, ka bar son zuciya," in ji shi. "Lissafi ba ya ƙarya."

Ranar 22 ga Nuwamban 2022 lissafi ya nuna cewa Ajantina ta buga wasa 36 a jere ba a doke ta ba, ga Messi a ciki, ga shi har ta fara ci. Saudiyya ta tashi wasan da 2-1. Farfesa bai girgiza ba. Ya yi bayani dalla-dalla cewa lissafin daidai yake, ƙwallon ce ta yi kuskure. Haka ya ce game da Leicester, wadda aka ba damar 1 cikin 5,000 amma ta ɗauki kofin Firimiyar Ingila a 2016.

Inda ya fi shan wahala shi ne wasan 'yan makaranta, don intanet ba ta san da zamansu ba. Sai ya tafi wurin atisaye da littafi da biro, ya tsaya gindin darbejiya yana ƙirga wanda ya yi haki da wanda takalminsa ya ɓalle. Yana cikin bayani mafi muhimmanci wayar kan mutu, daga nan kuma ilimi ya ƙare sai an kawo wuta.

An-Sayar

Wannan ba ya ɗaga murya. Sai ya waiga hagu da dama, ya kama hannun rigarka ya ja ka bayan rumfa.

"Kada ka wahal da kanka. An gama komai tun shekaranjiya. Wani na ciki ya gaya mani."

Na cikin nan, in ka bi diddigi, ƙanen matar wani ne da ya taɓa gyara tayar motar da ta taɓa ɗaukar alƙalin wasa. Hasashensa ɗaya ne ba ya sauyawa: mai gida zai ci da fenariti a cikin ƙarin lokaci. Da yake a gasar cikin gida baƙo ba kasafai yake komawa da murmushi ba, yakan dace lokaci zuwa lokaci, dacewa ɗaya kuma takan ishe shi jari na shekara.

Yana da hujja guda da ba ya rabuwa da ita, kuma ta gaske ce. A 2013, a wasannin neman hawa mataki da aka buga a Bauchi, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79-0, a daidai lokacin Police Machine ta ci abokiyar karawarta 67-0, mafi yawan ƙwallayen bayan hutun rabin lokaci. Hukumar ƙwallo ta ƙasa ta hukunta ƙungiyoyin huɗu. Tun daga ranar An-Sayar ya samu lasisin zargin kowa, har da yaran unguwa masu buga ƙwallon tsumma a kan alawa. Tsarinsa ba shi da ƙofar da za a shigo masa. In ƙungiyarsa ta ci, an sayi lafari. In an ci ta, an sayi gola. In an yi canjaras, raba kuɗin aka yi. Abin da bai taɓa bayyanawa ba shi ne dalilin da ya sa, duk da ya san an sayar, shi ne na farko a layin shiga fili.

Mai Karanta Alama

Shi ba ruwansa da 'yan gaba ko 'yan baya. Idonsa na kan abin da idon kowa bai kai ba. Ya lura golan baƙi ya durƙusa a gindin turke, to me ya binne? Ya lura 'yan wasansu sun ƙi bi ta ƙofa sun haura katanga. Ya ga kyaftin ɗinsu ya ƙi miƙa hannu, ya ga wani dattijo cikin tawagarsu riƙe da buta alhali ba lokacin salla ba ne. In guguwa ta taso ta ratsa fili ta nufi gabas, an ci mu. In ta nufi yamma, an ci mu da yawa. Daren wasa ba ya rasa mafarki, kuma mafarkin ba ya zuwa a fili, sai da fassara: farin rago biyu da baƙin akuya ɗaya, wato 2-1, sai dai ba a san wane ne ragon ba sai an tashi.

Shi ne mai riƙe da labarin nan da kowane yaro a Nijeriya ya taɓa ji, wai Indiya ta ci mu 99-1, ƙwallo tana rikiɗa ta zama zaki in ta nufo golanmu. Ka ce masa ba a taɓa buga wannan wasa ba, babu shi a kundin kowa, sai ya yi murmushin wanda ya fi ka sani: "To da kana so su rubuta?" In ka matsa, sai ya kawo maka Turawa shaida. Lokacin gasar cin kofin duniya ta 2010, can a Jamus an ajiye wata halittar teku mai hannaye takwas, sunanta Paul, ana sa mata abinci cikin akwati biyu masu tutocin ƙasashe, wanda ta buɗe shi ne zai ci, kuma ta dace a wasa takwas. "Su nasu bokan a ruwa yake, har da albashin abinci. Ni don ina Mashi ne kuke raina ni."

Ranar da liman ya ja masa kunne cewa gaibu sai Allah, sai ya sunkuyar da kai cikin ladabi: "Allah gafarta Malam, ai ni ba duba nake ba. Lura ce kawai."

Da-Ba-Don-Gwiwa-Ba

Ranar wasan 'yan makaranta ranarsa ce. Tsohon ɗalibi ne, ya bar makarantar da shekara ashirin, amma har yanzu "mu" yake cewa. Tun da hantsi zai fito da tsohuwar jesi wadda lambar bayanta ta goge, ta kuma daina jituwa da tumbinsa. A zamaninsu, in ji shi, in ya ɗauko ƙwallo daga tsakiya sai da 'yan kallo su ja da baya. Saura ƙiris a tafi da shi Kano gwaji gwiwa ta ci amanarsa. "Da yanzu ni ake kira, ba Ahmed Musa ba." Sa'o'insa sun ce sun fi tuna shi da ɗaukar jarkar ruwa, amma ba a faɗar haka a gabansa. Gwiwar kanta ba ta da tabbas: wata rana ta dama yake dafewa, wata rana ta hagu.

Hasashensa sharaɗi gare shi. In malamin wasanni ya bi shawararsa, 2-0. In bai bi ba, shi ya wanke hannunsa. Zai tsaya a bayan malamin tun daga farko har ƙarshe yana ba da umarnin da ya saɓa wa nasa, har yaran su rasa wa za su saurara. Malam ya ce a tsaya baya, shi ya ce a hau. Malam ya ce a ba da ƙasa, shi ya ce a ɗaga sama.

Babban aikinsa kuwa shi ne binciken sojan haya. Da motar baƙi ta tsaya, yana bakin ƙofa yana duba fuskoki ɗaya-ɗaya.

"Tsaya! Wannan ne ɗan aji uku? Wallahi na san shi. Na je sunan ɗansa na biyu."

Sau da yawa gaskiya ya faɗa, don gemun da aka aske da safe ba ya ɓoyuwa. Amma ka nuna masa mai lamba 9 na ɓangarensa, wanda jiya-jiya ya sauke ka a tasha a kan acaɓa, yau ga shi cikin kayan makaranta da wandon ya tsaya masa a ƙwauri. Sai ya kawar da kai ya ce, "Ai ɗalibi ne. Jinya ya yi, shi ya sa ba a cika ganinsa a aji ba." Daga nan hasashensa ke samun ƙarfi, don shi kaɗai ya san sojan wa ya fi na wani tsufa.

Ɗan Adawa

Ba shi da ƙungiya, yana da abokan gaba. Sai ya ji wadda kake so kafin ya san wadda zai goya wa baya. In gari duka ya koma Katsina United, shi ranar zai tuna cewa ya yi cirani wata uku a Kano, ya riƙa zagaya majalisa yana cewa "Sai Masu Gida!" In ya shiga cikin Kanawa, shi ne Bakatsinen asali. A gidan kallo, duk ɗan Arsenal ya san shi a matsayin ɗan Chelsea, duk ɗan Barcelona ya san shi a matsayin ɗan Madrid. Hasashensa ba ya buƙatar tunani: abin da zai ɓata maka rai, shi zai faru.

Nasarar wani ba ta dame shi ba, fuskar wanda aka ci yake jira. Ya san gidan kowa, ya san lambar kowa, kuma yana da katin waya na musamman don daren da aka lallasa ka. "Ranka ya daɗe, na kira ne kawai in ji ko ka isa gida lafiya." Shekarar da ba zai manta da ita ba ita ce 2022, lokacin da Katsina United da Kano Pillars suka faɗa rukuni na biyu tare. Ya rasa gidan da zai fara zuwa jaje don murna. Da suka dawo tare a 2023, sai da ya yi kwana uku ba ya cin abincin kirki.

Mai Tsoron Bakinsa

Kada ka haɗa shi da Ɗan Adawa, ko da yake bakinsu kan zo ɗaya. Wannan masoyi ne na haƙiƙa, son ne ya yi masa yawa har ya zama ciwo. Ya yi imani cewa in ya furta nasara, to ya kore ta. Saboda haka tun ana saura kwana uku yake yawo da fuskar makoki: "Ni dai Allah Ya sa kada su wuce biyu." In ƙungiyarsa ta fara ci, hankalinsa ya fi tashi, don an tsokano su. In an ba da fenariti, sai ya tuna bai yi alwala ba, ya fita ya tsaya bayan katanga yana auna sakamako da ihun jama'a.

Daren 11 ga Fabrairun 2024, wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan, Troost-Ekong ya sa kai ya ci wa Nijeriya. Gidan kallo ya kaure, benci ya kife, wani ya rungumi wanda yake bin sa bashi. Shi kaɗai ya zauna riƙe da haɓa yana cewa, "Wannan ba alheri ba ne." Kessie ya farke, Haller ya ƙara, Kodebuwa ta ɗauki kofi a gidanta. Ga mutum ya faɗa kuma ta tabbata, amma a duk gidan babu wanda ya kai shi kuka. Shi kaɗai ne mai hasashen da ke roƙon Allah Ya ƙaryata shi.

Mai Tikiti

Za ka gane shi da irin tambayoyinsa. Kowa na gardamar wa zai ci, shi yana tambayar kwana nawa za a samu, da ko za a ba da jan kati. Yana damuwa da wasu ƙungiyoyi na rukuni na biyu a ƙasashen da ba zai iya nuna su a taswira ba. A majalisa, in aka zo maganar caca, shi ne kan gaba wajen cewa haramun ce, kuma ya san gaskiya ya faɗa. Amma cikin naɗin hularsa akwai wata 'yar takarda mai tsawo kamar lagwanin fitila, wasa 15 a jere, kuɗin cefane ya shiga ciki.

Kafin a take wasa ya riga ya kashe kuɗin da zai ci. Ya sayi fili a bakin titi, ya canza babur, ya ƙara aure, har ya fara tunanin unguwar da zai ajiye amarya. Wajen ƙarfe goma na dare za ka gan shi shiru, ya zura wa waya ido. "Wasa ɗaya ne ya yanke," in ji shi. Kullum wasa ɗaya ne. Shi ne kaɗai a cikin jerin nan da hasashensa ke da farashi, kuma ba shi kaɗai ke biya ba, har da waɗanda ke jiran cefane a gida. Dariyar da ake yi masa ba ta cika tsawo ba.

Malam Kaffa-Kaffa

Ka tambaye shi, sai ya yi gyaran murya, ya dubi sama, ya ce wasan zai yi zafi. Duk wanda ya fi shiri shi zai yi nasara, sai fa in an yi kunnen doki. Kada a raina baƙi, amma gida gida ne. Ƙwallo ba ta da tabbas. Shekara da shekaru yana wannan sana'a ba a taɓa kama shi da kuskure ba, ba a kuma taɓa ƙaruwa da shi ba. Ana kyautata zaton zai yi nisa a siyasa.

Inna

Ba ta taɓa shiga fili ba, ba ta san satar gida ba, ta ɗauka Pillars sunan mutum ne. Tana tankaɗe a tsakar gida, ɗanta na ɗaura takalmi zai bi mota zuwa filin Muhammadu Dikko, ko zai tafi filin makaranta, sai ta ba da nata hasashen ba tare da ta ɗago kai ba.

"Za ka dawo bayan isha, murya a dishe, riga a yage, tuwo ya huce. Kuma gobe ba za ka tashi da wuri ka tafi gona ba."

A cikin duk masanan Mashi, daga Doguru har Tamilo, babu wanda ya kai ta dacewa. Takan ƙara da cewa, "In an fara jifa, ka kama hanyar gida." Wannan ma ba a banza ta faɗa ba. A watan Afrilun 2022 wasan Pillars da Katsina United a Kano bai kai ƙarshe ba, 'yan kallo suka ɓarke cikin fili, aka farfasa motar baƙi. A duk makon da aka kwashe ana lissafin 2-0 da 3-1, babu gwanin da ya hango wannan. Iyaye mata ne kawai ke sa shi cikin lissafinsu kowane mako.

Bayan an tashi

Washegarin wasa majalisa takan cika da wuri, kuma abin mamaki, kowa ya faɗa. Na-Rantse, in ya samu fitowa, ya faɗa, illa dai 'yan gaba sun ɓarar da uku. Farfesa ya faɗa, in aka duba lissafin da kyau. Mai Karanta Alama ya gano wane ne ragon. Babu mai tono maganar jiya, don kowa na da tasa a binne. Doka ce da ba a rubuta ba: ka rufa mani asiri, in rufa maka. A garin da talaka ba a tambayar ra'ayinsa kan kuɗin taki ko na mai, ga fage guda da zai buga ƙirji ya yanke hukunci, a saurare shi, in ya kuskure kuma a yafe masa kafin Asabar. Wa zai so a rushe wannan?

An taɓa samun wani malamin lissafi da ya so ya rushe shi. Ya sayo littafi mai shafi 80, ya ja layi da rula, ya ajiye wurin mai shayi, ya ce daga yau duk mai hasashe ya rubuta sunansa da abin da ya faɗa ya sa hannu, bayan wasa a buɗe a karanta. Kowa ya yaba da wannan tsari. Na-Rantse ya ce hannunsa na ciwo. Baba Tarihi ya ce a zamaninsu maganar mutum ita ce sa hannunsa. An-Sayar ya tambaya wa ya turo malamin. Malam Kaffa-Kaffa kaɗai ya karɓi biro, ya cika rabin shafi, aka karanta ba a gane wa ya ba nasara ba.

Da mai shayi ya ga takarda za ta lalace a banza, sai ya juya littafin ta baya ya mai da shi na bashi. Yanzu duk sunayen da suka ƙi shiga ta gaba suna nan ta baya, kowanne da adadin kofi da burodi a gabansa. Ka tambaye shi wa zai ci tsakanin Katsina da Kano, zai ce shi bai san ƙwallo ba. Amma ka sa yatsa a kan kowane suna ka ce, "Wannan zai biya ƙarshen wata?" nan take zai ba ka amsa, kuma har yau bai taɓa kuskure ba.